Fuskar Malam a Jikin Kwalba

Malam ne da bakinsa ya aike mu. Wannan nake so a fara riƙewa, don daga baya mutanen garinmu sun yi ta juya maganar, kowa yana ƙara mata gishirin da ya ga dama.

Sunana Ummulhairi, ni ce 'yar fari a wurin Malam Zailani. Aure ya kai ni Makarfi, can nake ɗinki, amma duk hidimar da ta taso a gidanmu na ƙauye, bayan Hunkuyi a ƙasar Kudan, ni ake kira, saboda an san ba na iya zama ina kallo ana yin abu a karkace. Wannan karon walima ce. Malam ya kai ƙarshen wani babban littafin fiƙihu da ya daɗe yana karantar da manyan ɗalibansa, magidanta masu furfura, washegari kuma malamai za su zo daga Gazara da Janfalan har da Nasarawan Doya a yi addu'a a ci abinci.

Na iso da hantsi na same shi a zaure kan buzunsa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da keken ɗinki da maƙwabta, bai bar kowa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

"Uwata, kin zo a daidai," in ji shi. "Ku tafi ke da ƙanenki Muttaka shagon mutanen nan da ke sayen inabinmu. Kaji da ƙwai da zuma, innarku za ta faɗa miki. Ni saƙona ɗaya ne. Ruwan inabin nan da Lado direba ya kawo mini, a ƙaro katan biyu. Ina so baƙina su ɗanɗana abin gonarmu."

"Wane ruwan inabi ke nan, Malam?"

Sai ya yi wata 'yar dariya ta jin kunya, ya shafa gemu. "Za ki gani. Har da hoton wani tsoho a jiki. Kwalba ɗaya ta rage mini, na ajiye wa Malam Abdurra'uf, yau zai iso daga Gazara ya kwana."

A cikin gida Inna Kulu, mahaifiyarmu, ta ba ni sauran labarin tana tankaɗe. Ni dai na san ƙanena Muttaka ya shiga noman inabi kamar yadda mutanen yankinmu suka shiga, ya kafa rumfunan waya a gonar Malam ta bakin fadama. Na kuma san 'yan kasuwar Kano manyan 'ya'ya suke zaɓa, su bar masa ƙanana da fasassu suna ruɓewa. Abin da ban sani ba shi ne wani saurayi, ɗan mai wani shagon kayan gona, ya zo ya ce shi duk yana so, ƙanana da fasassun ma ya fi so. Bara da ya zo ya tarar da Malam a gona da malafa, ya ɗaga nonon inabi yana dubawa, sai ya roƙi ya ɗauke shi hoto ya sa a jikin kayansu. Malam kuwa baƙo bai taɓa roƙonsa abu ya hana ba. Ya ce bismillah, ya gyara tsayuwa.

"To kwanakin baya sai ga Lado da katan a kai," in ji Inna. "Wai ya kai inabi ya ga hoton Malam a jikin kwalabe, ya ce wallahi ba zai dawo hannu biyu ba. Ke kin ga murnar da mahaifinku ya yi? Kamar yaro da sabon takalmi. Abin da ɗan tsami, na asali ne ai, ba irin lemon kantin nan mai sukari ba. Sai in sirka masa da ruwa in jefa mazarƙwaila. Kullum bayan magariba ƙaramin kofi ɗaya. Ya ce tun da ya fara, gwiwar nan ta bar shi yana barci."

"Ke kin sha, Inna?"

"Ni da gyambon cikin nan? Tsami ai sai dai in gani a hannun wani."

Muka kama hanya a a-kori-kurar Lado, Muttaka a tsakiya, ni a bakin ƙofa. Lado direba ne da ya fara karatu da girmansa, furfura ta riga karatun allo zuwa kansa, kuma a duniya ban san wanda ke son Malam kamarsa ba. Idan Malam ya yi tari, Lado ne ke cewa sannu tun daga bayan katanga. Duk tsawon hanyar nan labarin hoton yake ba ni. Wai hasken fuskar Malam har ta cikin takarda ana gani.

Shagon yana bakin titin Zariya zuwa Kano, an kewaye shi da shingen zogale, ɗakunan kaji a baya. Zan faɗi gaskiya, wurin ya burge ni. Ƙwai jere a kiret har rufi, zuma a kwalabe, kindirmo a firji, tumatir da tattasai an ware manya daban ƙanana daban, ga mazarƙwaila an tula a faifai, ga busasshen kifi. Ƙasa a share tas. Mai shagon wata dattijuwa ce, Madam Saratu, mutuniyar kudancin Kaduna, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta ajiye aiki ta kama kiwo, Hausarta kuwa ta fi ta wasu da aka haifa a Kudan. Ta san Muttaka da Lado, ni ce baƙuwa. Muka gaisa, ta ba ni kujera, na ƙi zama, don ni ba na sayen kaza a zaune.

Na bi ta har ɗakin kaji na ɗaga kowacce na ji nauyinta. Wadda ta cika gashi ba nama na mayar. Na ɗanɗana zumar a ɗan yatsa na ce an sirka, ta rantse ba a sirka ba, na sake ɗanɗanawa na ga ita ce da gaskiya amma ban faɗa ba. Muka yi ciniki irin na mata biyu da kowacce ta san 'yar'uwarta ba ta da sauƙi, har muka fara jin daɗin juna. Lado ya ɗaure kajin ya loda a baya, Muttaka ya jera ƙwan.

"Saura abu ɗaya, Madam," na ce. "Ruwan inabin nan naku mai hoton tsoho. Katan biyu."

Tana ƙulla bakin ledar tattasai ne. Hannunta ya tsaya.

"Wanne fa, Hajiya?"

"Mai hoton Malam mana!" Lado ya amsa daga bakin ƙofa, bakinsa har kunne. "Ai ni na saya kwanaki, ranar ba kya nan, mai tsaron sito ya ba ni. Malam ya ji daɗinsa ƙwarai. Gobe ma malamai za a ba."

"Malam? Wane Malam?"

"Malam Zailani. Mahaifinsu ke nan. Limamin garinmu."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka a gabana ba. Ta cire tabarau, ta dubi Lado, ta dubi Muttaka, ta dawo kaina. Sai ta kama hannuna, ni da ko awa biyu ba mu yi da sanin juna ba, ta ce, "Hajiya, zo. Ku ma ku zo."

Bayan firjin kindirmo akwai labule, bayan labulen akwai ƙofa. Ta zaro mabuɗi daga ɗankwalinta ta buɗe. Wani sanyi da wani wari suka bugo ni, wari kamar na kunun da ya kwana biyu a rufe. Ta kunna fitila.

Kwalabe ne tun daga ƙasa har sama, wasu a kwance wasu a tsaye, baƙaƙe da koraye da farare. Ni ba yarinya ba ce, a gari nake zaune, na san irin kwalaben da ake ɓoyewa bayan labule. Nan take na gane. Amma duk da haka sai da na yi ta addu'a a raina Allah Ya sa namu yana wani ɗakin daban. Na juya dama, sai muka haɗa ido da mahaifina.

Ga shi nan da malafarsa, ya ɗaga nonon inabi, yana murmushin nan nasa da ke nuna giɓin haƙorinsa. Kanta guda cur, layi a kan layi, duk inda na kai ido Malam ne ke mini murmushi.

"Giya ce, Hajiya," in ji Madam Saratu a hankali. "Giyar inabi. Ɗana ne ke yi. Matafiya ke tsayawa su saya, da masu otal."

Na ce innalillahi, ban san sau nawa ba. Na dafa kantar, kwalaben suka yi ƙara, na janye hannuna kamar na taɓa wuta. Mutumin da ko goro ba ya ci don ya ce yana sa mutum ya saba. Mutumin da ya taɓa fasa tafiya Zariya saboda an ce direban motar yana shaye-shaye. Shi ne a nan, yana yi wa giya talla da fara'a.

Lado bai gane ba tukuna. Ya matso ya ɗauki kwalba ɗaya da hannu biyu, yadda ake ɗaukar abu mai daraja.

"A'a, Madam, ba wannan ake nufi ba. Wannan ai na Malam ne. Dubi hotonsa."

"Shi ne dai, Lado."

"To ai da hoton Malam a jiki," ya sake cewa. "Yaya za a yi abin da ke da hoton Malam ya zama..."

Bai ƙarasa ba. Ya ajiye kwalbar, ya dubi tafin hannuwansa, ya sulale ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum mai jikoki, ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka. "Ni na kai masa. Da kaina na ɗauka na kai masa. Ya sa mini albarka."

A gidanmu Larabci ake karantawa da ajami. Malam zai warware maka jimlar da ta gagari malamai uku, Muttaka ya haddace abin da ni ko buɗewa ban yi ba, amma rubutun Turancin da ke ƙarƙashin hoton nan, a wurinsu ado ne kawai. Kuma ko da sun sinsina, me za su gane? Duk gidan babu wanda ya taɓa sanin warin giya balle ɗanɗanonta.

Haushina ya rasa inda zai sauka, sai ya sauka kan Muttaka, wanda ya jingina da bango ya yi fari fat.

"Kai! Shekara guda kana loda wa mutum fasasshen inabi, ba ka taɓa tambayarsa me yake yi da shi ba?"

"Yaya, cewa ya yi matsewa suke yi."

"Su matse su yi me? Su yi wanka?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ka tambaya ba, ko dai ka ji tsoron amsar?"

Ya sunkuyar da kai. Har yau bai ba ni amsar wannan ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Na juya kan Madam Saratu da niyyar in wanke ta tas, sai na tarar idonta ya kawo ruwa. "Yaron nan ce mini ya yi wani tsohon manomi ne," ta ce. "Ya ce ya nemi izini."

"Ya nema," in ji Muttaka da ƙyar. "Kayanmu kawai ya ce. Malam ya ce bismillah."

"Kayanmu! Ji shashanci. A cikin Musulmi na girma, na san abin da wannan yake nufi a wurinku. Da ina nan ranar da Lado ya zo, ko me zai ba ni ba zan sayar masa ba." Ta ƙwala wa masu aikinta kira a kawo baho da ruwa, ta fara sauke kwalaben da kanta tana tsomawa don takardar ta jiƙa ta saɓule. "Na nan duk zan cire yau ɗin nan, kina tsaye. Amma Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Tun kafin Kirsimeti ake ɗauka. Sun tafi Kaduna, sun tafi Jos, sun tafi Abuja. Waɗannan ba ni da hannun da zai kai gare su."

Ina kallon fuskar Malam tana narkewa a cikin baho, sai Lado ya ɗago kai a firgice.

"Malam Abdurra'uf!"

Kwalbar da ta rage. Baƙon da zai iso yau. Na duba waje, rana ta karkata, la'asar ta kusa. Na zaro waya na kira Inna, a kashe, na tuna da safe ta ce an kai ta wurin mai caji. Malam kuwa ba ya riƙe waya, ya ce tana katse wa mutum tunani. Na kira maƙwabcinmu Bilya, ya ce yana kasuwa, hayaniya ma ba ta bari ya ji ni. Ban san lokacin da na ja Lado ta wuyan riga na miƙar da shi ba.

"Kukan ya isa haka. Tashi ka tuƙa."

Ya tuƙa kuwa. Motar nan da ko gangara ba ta sauri, ranar sai da ta yi ƙugi kamar za ta tarwatse. Kaji na ta kururuwa a baya, ƙwai na fashewa a kowane rami, ban ko waiwaya ba. Lado na tuƙi yana istigfari yana share hanci da hannun riga. Ni kuwa abu ɗaya nake juyawa: yadda za a raba Malam da kwalbar nan ba tare da ya san mece ce ba. A ce ta lalace. A ce ta faɗi ta fashe. Gobe a ce shagon sun daina yi. Sunan Malam shi ne duk abin da muka mallaka a garin nan, gonar ma albarkacinsa ce, kuma na san mutanenmu, in magana ta fita sau ɗaya ba ta komawa.

Muka iso an idar da la'asar. Takalma sun cika ƙofar zaure. Na ji muryar Malam Abdurra'uf, abokin Malam tun suna neman ilimi a Zariya, yana dariyar nan tasa mai kauri, ga muryoyin manyan ɗalibai da suka zo yi masa barka da zuwa.

"Shiga," na ce wa Muttaka. "Ka ɗauko kwalbar ka ce Inna na nema."

Ya taka har bakin ƙofa ya leƙa, ya tsaya cak kamar an dasa shi. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. An riga an zuba. Jug ɗin Inna na gaban Malam, kwalbar na gefe an juya hoton yana kallon baƙi, ƙaramin kofin Malam kuwa, wanda ba ya ba kowa, yana hannun Malam Abdurra'uf.

A gidanmu 'ya mace ba ta ratsa zaure idan maza na zaune. Ta ƙofar baya ake bi, ko a jira. Tun da na yi wayo ban taɓa karya wannan ba. Na ture Muttaka na shiga da takalmina.

"Baba Malam, kada ka sha!"

Kofin ya tsaya a gaban gemun baƙon. Dattawa suka kawar da kai don kunya, wani ya yi gyaran murya. Na zube a gwiwa.

"Uwata, lafiya?" in ji Malam.

"Malam, ya lalace ne. Mai shagon ta ce wanda aka yi a lokacin nan duk ya lalace."

Ya ɗauki jug ɗin ya sinsina. "A'a. Haka yake kullum."

"To Malam, Inna na son magana da kai a ciki."

Ya dube ni. Mutumin da ya raine ni, ya san fuskata in na yi ƙarya tun ina satar ƙuli-ƙuli. Ya leƙa bayana ya hango Muttaka a rakuɓe, ya hango Lado a tsugune a waje yana kuka.

"Babu baƙo a nan," ya ce. "Faɗi abin da ya shigo da ke zaure da takalmi."

Na nemi wata ƙaryar na rasa.

"Giya ce, Malam."

Wani daga cikin ɗaliban ya yi salati da ƙarfi. Malam Abdurra'uf ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya goge yatsunsa a jikin tabarma. Malam bai motsa ba. Na ba shi labarin duka, labulen da ƙofar da kantar da bahon. Yana saurare idonsa na kan kwalbar, kan tsohon da ke masa murmushi.

"Malam Zailani," in ji baƙon da ya samu bakinsa, "kai ka fi kowa sani, babu laifi a kan wanda bai sani ba."

"Na sani. A zauren nan na karantar da shi." Ya ɗaga murya kaɗan. "Lado, shigo. Share fuskarka. Kyauta ka kawo mini don ƙauna, albarkar da na sa maka tana nan ban janye ba." Lado ya rarrafo ya kifa kai a gefen buzun. Malam ya dafa shi, amma ni yake kallo. "Uwata, kika ce sun tafi ina da ina?"

"Kaduna da Jos da Abuja."

"Me ya sa Lado bai tambayi ko mene ne a ciki ba?"

Bai jira amsa ba.

"Saboda ya ga fuskata," in ji Malam. "To Lado nawa ne a tsakanin nan da Abuja? Ɗalibaina nawa ne ke tuƙa mota, nawa ke gadi, nawa ke sayar da shayi a garuruwan nan, waɗanda za su gani su ce ai ga Malam?"

Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ɗauki jug ɗin da kwalbar da kofin, ya fita ƙofar gida ya tuttular a kwata, mutane na kallo. Ya dawo ya zauna.

"Gobe in an taru, kafin addu'a, ni zan faɗa da bakina. Kowa ya ji, ya kai wa na nesa."

"Malam, don Allah!" Muttaka ya faɗo ciki. "Mu nan kaɗai muka sani. Madam ta ce za ta cire hoton. In ka faɗa a taro, har abada za a riƙa cewa..."

"Za a ce Malam Zailani ya sha giya. Ai ya sha." Bai ɗaga masa murya ba. "Kai kuma da safe ka je ka gaya wa ɗan mai shagon nan, inabin da ya rage a gona ko zai ruɓe a rumfa ba nasa ba ne."

Ni da na yi ta shirya ƙarya a mota don in tsare masa suna, sai ga shi zai ɗauki sunan da hannunsa ya ajiye a tsakiyar taro. Na ji haushinsa, wallahi na ji, har na so in yi magana. Malam Abdurra'uf ya girgiza mini kai, na haɗiye.

Inna da ta ji, zama ta yi a bakin murhu ta ce, "Ni da hannuna nake jefa masa mazarƙwaila." Muka shiga figar kaji. Ƙwan da suka tsira ba su kai rabi ba.

Bayan magariba baƙon ya shiga masaukinsa. Ina wanke-wanke na ji Malam ya yi kira daga ɗakinsa.

"Uwata."

Na same shi zaune a bakin gado, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, carbi a hannunsa amma ba ya ja. Ƙaramin kofin na kan akwatin littattafai, an wanke shi an kife. Na zauna a ƙasa. Na zaci maganar gobe zai yi, har na shirya roƙona.

"Kin san abin da ya fi tayar mini da hankali?" ya ce. "Ba hoton ba ne. Ba taron gobe ba ne."

"Mene ne, Malam?"

"Yanzu ne lokacin. Kullum war haka innarku ke shigowa da shi." Ya dubi ƙofa, ya dawo da idonsa ƙasa. "Na idar da salla, na san ko mene ne, na zubar da hannuna. Kuma tun da na zauna a nan kunnena na wajen ƙofar nan. Raina yana so, Uwata."

Duk abin da na gani a ranar, ɗakin kwalaben da kukan Lado da kofi a hannun baƙo, babu wanda ya girgiza ni kamar wannan. Na dubi mahaifina, sai na ga tsoho ne kawai mai ciwon gwiwa, kuma a tsorace yake.

"Malam, wannan kam ban da shi gobe," na ce, hawaye na zubo mini. "Don girman Allah, wannan ya tsaya a ɗakin nan."

"In na ce musu na sha ban sani ba na yi shiru, za su ɗauka abu ne da mutum ke sha ya tofar. Gara su ji daga bakina yadda yake kama mutum." Ya miƙa hannu ya ɗauko kofin, ya juya shi sau ɗaya a tafinsa, ya miƙo mini ba tare da ya kalle shi ba. "Sa wannan a jakarki. In za ki koma Makarfi ki tafi da shi."

Na karɓa. Na kai bakin ƙofa ya sake kirana.

"Kada ki tafi tukuna. Zauna nan ki yi mini hira har a kira isha'i."